Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanin da Ya Sayar Mini da Bindigogin Fenti Masu Yoyon Iska

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne mai ɗan filin wasan harbin fenti a bayan garin Abuja, wanda ya sayi bindigogi shida da tulunan iska a wajenku wata biyu da suka wuce. Na rubuto muku sau uku, har bidiyo na tura, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da amsa ta zo kuma, gara shirun. Shi ya sa na fito fili.

Tun ranar da muka ɗaura musu tulu, biyu daga cikin shidan suke huci kamar kumurci. Tulun da aka cika da safe har matsin iskarsa ya kai psi 3000 a ma'auni, kafin azahar allurar ma'auni ta kwanta, alhali ko ƙwallo ɗaya ba a harba ba.

Kada ku ɗauka ban bincika ba. Na fara da zoben roba na bakin tulu, mai lamba 015, tunda shi ya fi yawan kawo wannan matsala. Na sa sabo, hucin bai daina ba. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a mahaɗar tulu da duk gaɓoɓin tiyo, yadda mai faci yake neman huda a taya, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na ɗauki tulunan nan biyu na ɗaura wa lafiyayyun bindigogi, suka yi tsit. Ke nan tulu ba shi da laifi. Sai na zazzage ƙwallayen fenti, na kara tafin hannu a bakin bututun bindigar, inda ƙwallo ke fita, na ji iska tana busowa. Duk wanda ya san irin wannan bindiga ya san cewa idan iska ta biyo ta bututu, robar da ke toshe bakin bawul ce ba ta zauna daidai ba. Na cire tulu, na saki sauran iskar, na kwance ɗaya. Ga robar nan da tsaga a gefenta, a bindigar da ba ta taɓa shiga fili ba.

Amsar ma'aikacinku ita ce ƙura ce ta shiga, in ɗiga baƙin mai a ramin da ake cika tulu. Wallahi sai da na sake karantawa. Man fetur da danginsa, idan suka haɗu da iska mai matsi irin wannan, wuta suke kamawa a cikin na'urar rage ƙarfin iska, kuma tulun yana jikin kafaɗar mai wasa ne, dab da fuskarsa. Ni na sani, na ƙi. Wanda bai sani ba fa? Mutum nawa aka ba wannan shawara kafin ni?

Asarar ba ta tsaya a kuɗin cika tulu ba. A filina ba a yarda gudun ƙwallo ya wuce nisan ƙafa 300 a daƙiƙa ba, kuma bindiga mai yoyo ba ta tsayawa a saiti ɗaya, yanzu ta harba da ƙarfi, an jima ƙwallo ya faɗo gaban mutum. Dole na jingine su. Ranar Asabar samari suna zuwa ƙungiya-ƙungiya, sai in riƙa ba su haƙuri suna jiran layi.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Ku canza mini bindigogin biyu, ko ku aiko da robobin bawul na asali da zobba da giris ɗin da ya dace da su, kuɗin aike a kanku. Ku kuma sanar da duk wanda ya sayi tulu a wajenku cewa kada mai ya kusanci ramin cikawa. Rasit da robar da ta tsage suna hannuna. Ina jiran amsa a rubuce cikin mako biyu, in ba haka ba zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC.

Naku,
Mai filin wasan harbin fenti, Abuja