Roƙon tallafi don gina rumfar jinyar dabbobi a bayan makarantarmu, Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa, matan unguwa, da 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai Birnin Kebbi, Kano ko Legas, kwamitin masallacin unguwarmu da makarantar Islamiyyar da ke jikinsa na gaishe ku. Kun saba jin muryarmu a kan tabarmi, rufin aji da kuɗin wuta. Yau wata buƙata ce daban ta kawo mu. Muna son kafa rumfa da ɗaki 2 a filin da ke bayan makaranta, inda za a riƙa jinyar dabbar da ta ji rauni ko aka yasar da ita, a kuma riƙa koya wa yaranmu haƙƙin dabba a kan mai ita. Filin wani dattijo ne ya bayar wakafi, yana da tazara da masallaci, ƙofarsa ma daban take.

Duk mai sammako ya bi hanyar gulbi ya san jakunan da ke ɗauko yashi, itace da buhunan shinkafa daga fadama. Ku tsaya wata rana a sauke mangala a ɗaga akumari a gabanku. Fata ta saɓule daidai kafaɗa, gyambo ya yi jajir, ƙuda ya rufe shi, wani har da tsutsa a ciki. Mai jakin zai ɗebo baƙin man inji ya shafa, ya mayar da akumari a kan ciwon, gobe da asuba a koma aiki. Baƙin mai ba ya warkar da komai, nama yake ƙonawa. Abin da ciwon ke so shi ne a wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta, malamin dabbobi ya sa magani, a gyara shimfiɗar akumari ta daina gugar wurin, sannan jakin ya yi makonni bai ɗauki kaya ba. To a nan gizo ke saƙa. Yawancin masu jakunan nan ba mugunta ke sa su haka ba. Ranar da jaki bai fita ba, ranar tukunya ba ta hawa murhu a gidan. Shi ya sa a cikin abin da muke roƙo har da jakuna 2 na aro, domin wanda ya kawo nasa jinya ya tafi da na rumfa ya ci gaba da neman abinci har nasa ya miƙe. In babu wannan, ko rumfar zinari muka gina ba wanda zai kawo jakinsa.

Jakin kuwa da ya tsufa, sakinsa ake yi ya shiga bola yana cin leda, ko ya faɗa hannun masu sayen fata, cinikin da shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana a taronsu na Fabrairun 2024, ganin yadda yake ƙarar da jakunan nahiyar. Dabbar da ta yi shekaru tana ciyar da gida ta cancanci inuwa da ruwa a ƙarshen ranta.

Da aka fara kawo maganar bayan sallar la'asar, wani dattijo ya dubi liman ya ce, "Allah gafarta malam, mutum bai ƙoshi ba ana ta jaki?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma mun san tana cikin zuciyar mutane da yawa. Liman ya ce masa, "Alhaji, wanda ya yi mana wasiyya da maraya shi ya yi mana wasiyya da dabba." Ya kawo hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ya kawo na mutumin da ya sauka rijiya ya ciko takalminsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk abu mai rai. Asusun marayu da na abincin azumi suna nan yadda suke, ko kwabo ba za a taɓa ba.

Akwai kuma abin da ya fi hana mu barci, wato kare. Shari'a ta yarda a ajiye shi don farauta, kiwo ko gadin gona, kuma muna da mafarauta da makiyaya da ke riƙon nasu da kyau. Matsalar ita ce ɗan kwikwiyon da aka ɗauko yara su yi wasa, ya girma aka kore shi, ya koma kwana a mahauta. Shi yara ke bi da jifa a kan hanyarsu ta zuwa makaranta, shi ne kuma wata rana zai juyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in waɗanda ke zaune a azuzuwanmu. Cizon ya warke, a manta, sai bayan wata 2 ko 3 yaro ya fara tsoron ruwa. In an kai nan, da wuya a tashi. Amma ciwo ne da ake tarewa tun daga jikin kare: in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, yaɗuwarsa na yankewa. Allurar ba daga nesa take ba, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta. Daga wata 3 ake fara yi wa kare, a riƙa sabuntawa duk shekara. Niyyarmu mu saye ta ta hannun asibitin dabbobi, a tara karnukan unguwa da na rugagen kusa a yi musu kyauta ranar 28 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da wannan ciwo.

Ɗaya daga ɗakunan nan 2 na kulle ne, mai ƙofar ƙarfe, don karen da ya ciji mutum. Za a tsare shi kwana 10 a ƙarƙashin idon malamin dabbobi a ga halinsa, maimakon a bi shi da sanduna ya ɓace ba a san abin da ke jikinsa ba. Yaro ba ya kusantar wannan ɗakin ko da wasa.

Darasin yara kuwa ranar Alhamis ne da babu karatu. Za su koyi cewa wanda kare ya ciza ko kyanwa ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, ba a tsaya shafa toka ko ɗaura ganye ba, ba a kuma jira a ga abin da zai sami karen ba. Za su koyi kada a taɓa kare yana cin abinci ko kariya tana shayarwa, kada a ɗaure akuya a rana da igiyar da ke cin wuyanta, kada a zuba 'ya'yan kyanwa a buhu a kai bola. Wanda ba zai iya ciyar da dabba ba, kada ya ɗauko ta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. 'Yan manyan aji, maza da mata, su ne za su riƙa canja ruwan kwami da share rumfa tare da malaminsu.

Abin da muke buƙata a yanzu shi ne kwano, katako, ƙusa, bulo da siminti, sai tankin ruwa, domin a zafin Maris zuwa Mayu ruwa ne rabin jinya. Sai kuɗin allura da magani, da ɗan abin da za a riƙa ba mutum ɗaya mai kwana a wurin. Ba sai da kuɗi ba. Manomi ya kawo damin harawa ko kara, mai injin casa ya ware buhun dusar shinkafa, iyayenmu mata su tara ƙanzo da ragowar tuwo, magini da kafinta su ba mu yini guda. Tsofaffin buhuna da barguna ma muna so, da su za a yi wa jakuna shimfiɗar baya.

Muna tunatarwa cewa wannan sadaka ce. Kada a kawo zakka, masu cin ta 8 ne da aka ambata a Suratut Tauba, dabba ba ta cikinsu. Kuɗi a damƙa wa ma'ajin kwamiti hannu da hannu bayan kowace salla, a karɓi rasit. Na nesa su aiko ta hannun wanda suka amince da shi a gida. Kaya kuma a kai ofishin shugaban makaranta. Duk Juma'ar farkon wata za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban jama'a, a liƙa takardar a ƙofar masallaci. Muna son a ɗora rufi kafin ruwan farko ya sauka, don haka masu niyyar kwano da katako su taimaka su riga kowa.

Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani.

Kwamitin masallaci da makarantar Islamiyya, Argungu, Jihar Kebbi.