Sanarwa: Zaman Asabar kan Hamada da Teku

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Zamanmu na Asabar yana nan bayan La'asar, kusa da Hasumiyar Gobarau.

Za mu tattauna yadda hanya ke ɗaga gari ko ta kwantar da shi. Katsina ta bunƙasa ne da ayarin raƙuma masu ratsa hamada zuwa Agadas da Tarabulus. Sai Turawan Fotugal suka kewaye Afirka ta ruwa, Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498, ciniki ya soma karkata zuwa bakin teku. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya ƙara durƙushewa. Nan ne abin ya fi damuna, don yaranmu ba su san wannan tarihi ba.

Don Allah ku zo da su. Iyayenmu dattawa, muna jiran bayaninku.