Ƙauyen manoma a Faransa da ya riƙe kaburburan 'yan Afirka

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah ka ɗan bani fili, wani abu ne ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce.

Ƙanina dake karatu a Liyon ne ya turo min hotuna ta WhatsApp, ina buɗewa naga katanga ja jawur da ƙofa mai tsinin soraye, wallahi na ɗauka wani tsohon gidan sarauta ne a nan cikin birni, ashe maƙabarta ce a wani ɗan ƙauye Chasselay, arewa da Liyon kaɗan, gonaki da lambunan 'ya'yan itatuwa sun zagaye ta ta ko'ina.

A watan Yunin 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka nufo Liyon, waɗanda aka ajiye su tare hanya kuwa baƙaƙen fata ne da Faransa ta kwaso daga Senegal da Mali da Gini da sauran ƙasashen da ta raina. Sun yi faɗa har harsashi ya ƙare suka miƙa wuya, ranar 20 ga wata sai Jamusawa suka ware Turawan Faransa dake cikinsu gefe, baƙaƙen aka kora su cikin wani fili aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki, tankokin kuma suka bi ta kansu. Innalillahi. Mutanen ƙauyen nan, manoma da basu haɗa komai da mamatan ba, su suka fito suka binne su. A 1942, ana tsakiyar yaƙi fa, aka gina wannan maƙabarta da suke kira Tata, wato ganuwa kenan, sojojin Afirka ta Yamma 188 ke kwance ciki kuma har gobe ana taruwa a wurin duk shekara.

To malam Edita mu fa? Kakana yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin ƙasar Bama (Burma), ya dawo da tabon harsashi a cinya, muna yara yana nuna mana a zaure, abokansa da basu dawo ba kuwa sunansu ya bi shi kabari don ba wanda ya rubuta. Ganuwar Zazzau ma da muke tinƙaho da ita kullum ana haƙe ta ana yin tubali.

Roƙona jaridarku ta buɗe shafi, duk mai hoto ko lambar yabo ko takardar sallamar kakansa ya turo ku buga. Lambar kakana tana nan cikin adakar gwaggona, ni zan fara kawowa.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya