Kafin a cike wa yaro JAMB, a tambayi yadda zaman makarantar yake

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da yayye irina, tunda ga lokacin rijistar JAMB ya kawo jiki. Duk shekara abu ɗaya ne, yaro na zaune gaban kwamfuta an ce wace jami'a za a sa maka a zaɓin farko, sai ya bugo waya gida, a ce masa a sa wadda ta yi suna, ko wadda makinta bai yi tsada ba. Shikenan. Ba mai tambayar ina zai kwana, me zai ci, da su wa zai zauna shekara huɗu ko biyar.

A kan ɗan autanmu na ga wannan. Ya samu admishan na injiniya a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda cur, muka yi ta murna har da su walima. Yaron da ko makarantar kwana bai yi ba. Da ya je bai samu gado a hostel ba sai sikwatin ya yi a ɗakin wasu da ba sa barci sai an kusa kiran assalatu, ga shi su broka suke yi shi kuma turancinsa na littafi ne, da ya buɗe baki sai a kwashe da dariya, daga nan kawai ya kama bakinsa ya daina shiga mutane, ko grup ɗin WhatsApp na ajinsu ba wanda ya sa shi, har tes aka yi sau biyu bai sani ba. In na kira sai ya ce lafiya lau Yaya. Ranar da ya dawo hutu Hajiyarmu na ganin yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa ta fashe da kuka. Kari-oba uku ya kwaso, wato kwas uku ya faɗi sai ya maimaita, yaron da tun firamare shi ke zuwa na ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai, ashe akwai MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a makarantar, akwai ƙungiyar ɗaliban jiharmu, masallaci ma bai da nisa da dipatmen ɗinsu. Sai a semista ta biyu ya sani. Laifina ne wallahi, ni da na yi jami'a ya kamata in raka shi in damƙa shi hannun wani.

Kuma kar a ɗauka cewa nake kowa ya maƙale a garinsu. Ni a ABU na yi, a Samaru, Suleiman Hall na zauna da wani ɗan Tibi daga Binuwai da Bayarabe ɗan Ilori, tukunya ɗaya muke ci, har gobe muna zumunci. Tun 1962 da aka kafa ABU take tara 'yan ko'ina. Amma ko a Zariyar zaman harabar Samaru daban na harabar Kongo daban. BUK ɗalibai da yawa daga gida suke zuwa, yamma na yi sun koma cikin gari, to baƙo ya san da wannan. Danfodiyo ta Sakkwato mazauninta na dindindin yana wajen gari, wani shirun ne zai masa daɗi, wani kuma kaɗaici ya ishe shi. Kowane yaro da halinsa, mun fi kowa sanin namu.

Roƙona, a nemi ɗalibin da ke ciki yanzu, ba wanda ya gama shekara 20 da suka wuce ba, a tambaye shi maganar ɗaki da ruwa da abinci da dokar sa kaya, musamman in 'ya mace ce. In da hali ranar post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, a bi yaro a zagaya hostel ɗin da ido. Kirista a haɗa shi da 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, Musulmi da 'yan MSSN tun satin farko.

Shi dai autan namu yanzu yana aji uku, ya yi abokai Alhamdulillahi, amma har yau akwai kwas ɗaya na ajin farko da bai gama biya ba.

Naku,
Mai karatu daga Funtuwa, Jihar Katsina