Wa zai biya kuɗin maganin dabbar da ba ta da mai ita?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukuma da masu kiwo kan tsadar maganin dabbobi, da kuma halin da namun dajinmu ke shiga idan suka ji rauni, saboda batutuwan biyu tambaya ɗaya suke komawa gare ta, wato wanda zai biya.

Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da naira 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Da yake yawancin magungunan dabbobi daga waje ake shigo da su, ko kuma da kayan waje ake haɗa su, sai kuɗin maganin tsutsa da na kaska da allurar sammore ya bi dala ya hau. Mai akuya uku a ƙauye yakan yi lissafinsa ne a tsaye: idan kuɗin mota zuwa asibitin dabbobi da kuɗin ganin likita da na magani sun kusa kai kuɗin akuyar, to mahauci zai kira tun kafin ta faɗi. Wanda bai yanka ba kuwa, kasuwar mako zai nufa ya sayi kwalba a hannun mai talla wanda ya shanya hajarsa a rana, ya dawo gida ya yi allurar da hannunsa ba tare da sanin nauyin dabbar ko ainihin cutarta ba. Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk likitan dabbobi. Maganin yakan zama jabu ko ya lalace, ko a ba da ƙasa da ƙima har ƙwayar cuta ta daina jin sa, sannan a tatsi nonon saniyar ko a sayar da namanta kafin maganin ya gama fita daga jikinta, mu kuma mu ci da iyalanmu.

Akwai masu ganin cewa inshorar dabbobi irin ta Turai ce mafita. Tsarin ya daɗe a can, domin a Suwidin an fara yi wa kare inshora tun 1924, a Ingila kuma tun 1947, kuma a yau mafi yawan karnukan Suwidin suna da ita. Mai kare ko kyanwa yana biyan wani abu duk wata, idan dabbar ta karye ko ta buƙaci tiyata sai kamfani ya ɗauki mafi yawan kuɗin. Sai dai inshora ba ta saukar da farashi da kanta. A Birtaniya koke-koken jama'a kan tsadar asibitocin dabbobi sun yi yawa har hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci ta buɗe cikakken bincike a 2024, bayan ta lura cewa manyan kamfanoni shida ne suka mallaki fiye da rabin asibitocin. A ganina irin wannan inshora za ta iya amfanar masu dawakin folo da na hawan salla, da masu karnukan gadi a Kano da Kaduna da Abuja, amma ba za ta kai ga matar da ke kiwon tumaki biyu a bayan ɗaki ba.

Muna da hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, wadda aka fara shirinta a 1987, kuma tana karɓar inshorar shanu da kaji. Abin lura shi ne diyyar mutuwar dabba take biya, alhali abin da ke ci wa mai kiwo tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin da zai hana dabbar mutuwa. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne asusun haɗin gwiwa a tsakanin masu kiwo na gari ɗaya, bisa tsarin takaful da malamai suka amince da shi, inda kowa zai zuba kaɗan gwargwadon yawan dabbobinsa, ƙungiya kuma ta ɗauki likita ko malamin dabbobi da zai riƙa zagayawa, ta sayo magani a sari daga hannun dillali mai rajista. Mutanen da suka saba da adashi ba za su sha wahalar fahimtar wannan ba.

To, amma duk wannan magana ce ta dabbar da ke da mai ita. Karen da ke yawo a unguwa babu mai kai shi allurar riga-kafi, ga shi kuwa kusan duk mutumin da ya kamu da ciwon haukan kare daga cizon kare ya same shi, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana da wuya a tsira. Masana sun nuna cewa sai an yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura kafin cutar ta daina yaɗuwa, wannan kuwa aikin gwamnati ne, tunda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar a cikin ƙasarmu.

Namun daji sun fi kowa rashin gata. Dajin Yankari, wanda ya koma hannun gwamnatin jihar Bauci a 2006, yana ɗauke da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe da suka rage a Najeriya. Idan wayar tarkon mafarauci ta kama ƙafar giwa ko ta gwanki, takan ci nama a hankali har ciwon ya ruɓe, kuma ba yadda za a cire ta sai an harbi dabbar da allurar sa barci. Wannan yana buƙatar bindiga ta musamman, da magani mai ƙarfi wanda doka ta tsaurara shigo da shi, da likitan da ya san ƙimar da za ta kwantar da giwa ba tare da ta kashe ta ba. Mai gadin daji, komai kishinsa, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Mun kuma ga abin da ya faru a Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye gidan namun daji na Sanda Kyarimi, hukumomin wurin suka ce sama da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun halaka, kadoji da macizai kuma suka shiga unguwanni. Haka nan manomin da ya tsinci gauraka ko ungulu da karyayyen fiffike bai san inda zai kai ta ba, don haka sau da yawa a hannun masu sayar da kayan tsubbu take ƙarewa, alhali tsuntsayen biyu suna ta ɓacewa daga ƙasarmu.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa abin yana yiwuwa. Raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, amma da kulawar hukuma da mutanen ƙauyukan yankin suka haura 600, har a 2018 aka sa wa takwas allurar barci aka kwashe su zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi.

Saboda haka ina kira ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka ƙirƙiro a 2024, da gwamnatocin jihohinmu, da su ware kuɗi a kasafi domin riga-kafin haukan kare kyauta a kowace shekara, su kuma buɗe sashen jinyar namun daji a asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke Zariya da Sakkwato da Maiduguri, inda ƙwararru da ɗalibai suke tun tuni. Ya kamata kuma a keɓe wani kaso na kuɗin shiga Yankari da gidajen namun daji na Kano da Jos domin magani da kayan ceto kaɗai, a kuma sanar da lambar waya ta rediyo wadda duk wanda ya ga dabbar daji da rauni zai kira.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Bauci