Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban jam'iyyar MDR ta ƙasar Kamaru

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni Bahaushe ne, ɗan kasuwa a Marwa, ba ni da katin jam'iyyarku. Amma duk abin da kuka yi ko kuka bari a jihar Arewa Mai Nisa yana iske mu har cikin rumfa, shi ya sa na rubuto.

Ba na cikin masu cewa kafa MDR laifi ne. A zamanin shugaban ƙasa Ahidjo faɗa a ji a arewa yana hannun lamidai da makusantansu. Tupuri da Mundang da Masa da mutanen duwatsun Mandara su noma auduga, su biya haraji, su ba da 'ya'yansu aikin soja, amma ranar rabon muƙami a tsallake su. Marigayi Dakole Daïssala, tsohon jagoran MDR, wanda aka tsare tsawon shekaru bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilun 1984, ya fito ya yi musu baki. Wannan ba mai ƙwace masa.

Damuwata tana kan abin da ya biyo baya. A zaɓen majalisa na Maris 1992, jam'iyya mai mulki RDPC ta samu kujera 88 cikin 180, jam'iyyar UNDP 68, UPC 18, ku kuma 6. Gwamnati ba ta da rinjaye sai da ku. A ranar wuƙa da nama suna hannunku, duk abin da kuka nema wa yankin nan da an saurare ku. Kuka karɓi kujerun minista a Yawunde. Ban ce haramun ba ne, amma manomin Kaele da masuncin Maga me ya shiga tukunyarsu? A zaɓen 2020 kujera 2 kuka tsira da su, kuma ina ganin mutane sun ba da amsa ke nan.

Ranka ya daɗe, ambaliyar kogin Logone da ta ci Yagwa a 2024 ba ta tambayi kowa yarensa ba. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusuri tana karya motar Balarabe da ta Kotoko da tamu. Rikicin Logone-Birni na 2021 tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum kuwa, wanda ya kori dubban mutane zuwa Chadi, a kan ruwa ya tashi: makiyayi na neman mashaya, masunci na haƙa ramukan kifi. Jam'iyyar da ake wa kallon ta ɓangare guda ba ta iya zama tsakani a irin wannan rana.

Dokar zaɓe ta ce jerin 'yan takara ya nuna al'ummomin mazaɓa. Mun san yadda jam'iyyu ke yi, har manyan: a liƙa sunan Bahaushe ko Babarbare a ƙasan takarda don a cika sharaɗi, bayan zaɓe a manta da shi. Ina roƙon ku sa namu a inda za su iya cin kujera, ku bar su su yi magana a taronku.

In kuma za ku sake ƙulla ƙawance da gwamnati, ku rubuta sharuɗɗan a takarda, ku karanta mana a fili: gyaran madatsar Maga da shingen Logone, da hanyar Kusuri, da ranar fara kowane aiki. In na ga haka, zan ba ku ƙuri'ata, in kuma yi wa maƙwabtana a kasuwa magana.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Marwa