Madubin keke: a duba kafin a saya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman ɗan fili a jaridarka don mu ja hankalin mahaya keke, musamman ɗalibai da masu shigo da kaya Katsina ta hanyar Daura, Jibiya da Dutsinma. Da yawa suna sayen madubi don ado, kamar yadda ake sayen ƙararrawa ko fulawar roba, sati bai zagayo ba ya sunkuya yana kallon ƙasa.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mota ta hagunka take wuce ka. In madubi ɗaya za ka saya, hagu ne wurinsa.

Gilashin iri biyu ne. Shimfiɗaɗɗe yana nuna nisan mota yadda yake, amma fili kaɗan yake kamawa. Mai ɗan tudu a tsakiya yana kama titi da faɗi, sai dai yana ƙanƙanta abu, tifar da ta kusa ka gan ta kamar tana nesa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, kai kana yin 15, tana rage tazarar mita 18 kowace daƙiƙa. In tana bayanka da mita 100, ba ka da cikakkiyar daƙiƙa shida. Mu dai mai tudu kaɗan muka fi yarda da shi, mai faɗin santimita 7 zuwa 8. Mai tudu sosai, irin ƙaramin da ake manna wa madubin mota, a bar wa motar kayanta.

Kafin ka biya, ɗaga shi ka kalli falwaya a ciki. In ta lanƙwashe kamar maciji, ajiye. Sannan ka ƙwanƙwasa fuskar da farce ka tabbatar gilashi ne. Na roba ba ya jure hunturu: ƙura ta kwanta, a goge da hannun riga, ya ƙarje ya yi hazo.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙafar madubin. Mutane suna son na babur saboda girmansa, alhali an yi shi ne a ɗaura cikin rami mai zare na milimita 8 ko 10, keke kuwa ba shi da wannan ramin, sai a haɗa da waya ko guntun ƙarfe. Ga nauyi, ga doguwar ƙafa, kuma yawancin kekunanmu ba su da abin da ke shanye gargada. Da an hau burji hoton sai rawa, ba ka bambanta mota da bishiya. Nemi gajeriyar ƙafa mai kauri, wadda ba ta wuce santimita 12 ba. Mai ɗora jarkoki ko damin kara a kariya, shi kam dole ya ƙara tsawo, amma ya kwantar da ita gefe, kada ta miƙe sama, har ta leƙo bayan kayan. Haka mai babbar riga, domin hannun rigar kan rufe rabin madubi.

Kaurin kan keke a wajen mariƙi milimita 22.2 ne, sai a nemi maɗauri daidai da shi, na ƙarfe, tunda rana tana busar da na roba ya tsage. Yanko tsohon tiyub mai faɗin yatsa biyu, naɗa sau ɗaya, ɗora maɗaurin a kai. Shi ke hana zamewa, ya kuma rage rawar. A keke mai birkin sanda irin Phoenix, matsa birkin har ƙarshe ka ga bai taɓa maɗaurin ba. Wanda ake cusawa a bakin mariƙi bai dace da irin wannan keken ba, tunda kansa baya ya lanƙwaso. Ya fi dacewa da keke mai miƙaƙƙen kai.

Saiti kuwa a kan sirdi ake yin sa, yadda kake zama in kana tafiya. Gefen hannunka ya ɗan bayyana a kusurwar ciki, sauran duk titi. Ɗaure noti da sifana har madubin ya daina motsi da iska, amma ya juya in ka tura da ƙarfi, don in keken ya faɗi madubin ya kauce maimakon ya fashe. Duk da haka akwai gurbi dab da kafaɗarka ta hagu da ba ya nunawa, nan ɗan acaba yake ɓuya. Kafin ka karya hagu a mararraba irin ta Ƙofar Ƙaura, miƙa hannu, ka kuma waiga sau ɗaya.

Naka,
Wasu masu gyaran keke, Katsina